Abin da Ke Ƙara Ƙarfin Tururi da Abin da Ke Rage Shi

An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da malamansu, da sauran waɗanda alhakin kula da kasuwanni da tashoshin mota da ɗakunan ajiya ke wuyansu. A zamanin yanzu da wuya a sami ƙauyen da ba a shiga da fetur da kananzir cikinsa, tukwanen gas na dafa abinci kuma sai daɗa yawa suke yi a gidaje. Kowace shekara, musamman da bazara, akan ji labarin gobara wadda asalinta ɗaya ne daga cikin waɗannan abubuwa. Sau da yawa kuwa idan an bincika, sai a tarar babu wanda ya kai wuta jikin man. Tururin man ne ya tashi ya je ya tarar da wutar inda take. Saboda haka ya kamata shugabanni su san ko mene ne wannan tururi, da abin da ke ƙara masa ƙarfi, da abin da ke rage shi, don su yi wa talakawansu gargaɗi bisa sani.

MA'ANAR ƘARFIN TURURI

Masana sun tabbatar cewa kowane abu mai ruwa-ruwa, ko ruwan sha ne, ko mai, ko turare, taron waɗansu 'yan ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya iya gani. Ƙwayoyin nan ba su zama shiru. Kullum cikin motsi suke, suna gogayya da juna, amma kuma akwai wani riƙo tsakaninsu wanda ke hana su watsewa. Daga cikin waɗanda ke bisa fuskar ruwan, akan sami waɗansu da motsinsu ya yi ƙarfi har su kuɓuce wa riƙon 'yan'uwansu, su shiga iska. Waɗannan da suka kuɓuce su ne tururi. Farin abin nan da ake gani bisa tukunya tururi ne wanda ya riga ya soma komawa ruwa. Ainihin tururi ba a ganinsa, kuma ba sai an ɗora abu a wuta yake fita ba. Duk wanda ya ji ƙanshin turare ko warin fetur, to tururinsu ne ya shiga hancinsa.

In aka zuba ruwa cikin kwalba har rabi aka toshe bakinta, ƙwayoyin da suka tashi ba su da mafita. Sai su taru a sararin da ke bisa ruwan, waɗansu kuma su riƙa faɗawa cikinsa suna komawa ruwa. Ba a daɗewa sai yawan masu tashi ya yi daidai da yawan masu komawa. Daga nan tururin ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Amma yana nan yana tura jikin kwalbar da murfinta ta kowane gefe. Wannan turi shi ake nufi da ƙarfin tururi. Shi ne ke kumbura jarkar fetur in an bar ta a rana, shi ne kuma ke huci sa'ad da aka kwance murfinta.

Akan auna shi da zaiba, watau farin ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa. A shekarar 1643 wani masani na ƙasar Italiya mai suna Toriceli ya nuna cewa iskar da ke kewaye da duniya tana da nauyi, kuma a bakin teku nauyinta ya isa ya tura zaiba sama cikin bututun gilashi har tsawon milimita 760, kusan inci 30 ke nan. Tun daga lokacin, da tsawon zaiba ake kwatanta ƙarfin iska da na tururi. In an ce ƙarfin tururin wani abu milimita 380 ne, ana nufin ya kai rabin nauyin iska. Abubuwa uku ne ke sa wannan ƙarfi ya hau ko ya sauka.

NA FARKO: ZAFI

Zafi shi ne babba. Gwargwadon zafin abu, gwargwadon saurin motsin ƙwayoyinsa, gwargwadon kuma yawan waɗanda za su iya kuɓucewa. Wani malamin makaranta na birnin Mancesta a Ingila, Jon Dalton, ya auna ƙarfin tururin ruwa a zafi iri-iri, aka buga sakamakon aikinsa a shekarar 1802. Ga yadda awon yake bisa ga na'urorin yanzu, da ma'aunin zafi na Selsiyas, wanda a cikinsa ruwa ke daskarewa a digiri 0, ya tafasa a digiri 100:

A digiri 0, ƙarfin tururin ruwa bai cika milimita 5 ba.
A digiri 20, kusan milimita 18.
A digiri 30, kusan milimita 32.
A digiri 40, milimita 55.
A digiri 60, milimita 149.
A digiri 80, milimita 355.
A digiri 100, milimita 760.

Mai karatu ya lura da yadda lissafin ke tafiya. Ƙarfin ba ya hawa taki ɗaya ɗaya kamar matakala. Daga digiri 20 zuwa 40 ya riɓanya sau uku, daga 40 zuwa 60 kuma ya sake riɓanyawa kusan sau uku. Watau ɗan ƙarin zafi kaɗan yakan jawo ƙarin ƙarfi mai yawa. Haka abin yake ga fetur da kananzir da sauransu, ko da yake lissafin kowanne daban ne. Wannan ya shafi ƙasashen Arewa ƙwarai, domin a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri zafin inuwa yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, durom ɗin ƙarfe da ke tsaye a rana kuwa yakan fi haka zafi nesa. Man da ya kwana lafiya cikin sanyin hunturu, ba haka zai zauna ba da tsakar rana a bazara.

NA BIYU: IRIN ABIN

In aka jera ruwa da fetur da kananzir da man gyaɗa wuri ɗaya, zafinsu ɗaya, ƙarfin tururinsu ba zai zama ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne riƙon da ke tsakanin ƙwayoyin kowanne ya sha bamban. Inda riƙon ke da ƙarfi, kaɗan ne ke kuɓucewa. Inda yake sako-sako, da yawa ke fita.

Ƙwayoyin ruwa ƙanana ne, amma suna riƙe juna gam, shi ya sa ruwa ba ya saurin bin iska. Sifirit, wanda ake goge fata da shi a asibiti kafin a yi allura, riƙonsa bai kai na ruwa ba. A digiri 20 ƙarfin tururinsa kamar milimita 44 ne, ya fi na ruwa riɓi biyu, kuma yana tafasa tun a digiri 78. Abin da ya sa ke nan yakan bushe nan take a fata.

Fetur da kananzir da man dizal duk daga ɗanyen mai ɗaya ake samo su. A matata akan dafa ɗanyen man, mai saurin tashi ya fara fita, mai nauyi ya biyo baya. Fetur yana cikin na farko, ƙwayoyinsa gajeru ne, riƙonsu ba ƙarfi. A zafin digiri 38 ƙarfin tururinsa yakan kai rabin nauyin iska, ko ma ya wuce. Ƙwayoyin kananzir sun fi tsawo, suna sarƙe juna, saboda haka ƙarfin tururinsa a wannan zafi bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na fetur ba. Na dizal ya fi wannan ƙanƙanta. Man gyaɗa da man ja kuwa kusan ba su da tururi sam sai an soya su, don haka sukan shekara a kwalba ba su ƙafe ba.

Gas na dafa abinci ruwa ne a cikin tukunyarsa, kowa ya girgiza ta zai ji motsinsa. Riƙon ƙwayoyinsa ya fi na fetur rauni, har ma ba ya zama ruwa sai an matse shi. A digiri 20 ƙarfin tururinsa ya riɓanya nauyin iska daga sau biyu zuwa sau takwas, gwargwadon irinsa. Dalilin da ya sa ake ƙera tukunyarsa da ƙarfe mai kauri ke nan.

Zaiba kuma ƙarfin tururinta ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ɗaya ba a zafin ɗaki. Amma wannan ɗan tururi guba ne mai taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Masu haƙar zinariya da ke ƙona zaiba don su raba ta da zinariya suna ƙara mata zafi ne, tururinta ya riɓanya sau dubbai, su shaƙa, iyalinsu ma su shaƙa in a cikin gida ake aikin. Har abubuwa masu tauri suna da tururi. Kafur da ake sakawa cikin akwatin tufafi yakan yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace, ba tare da ya narke ba.

NA UKU: ABIN DA AKA GAURAYA DA SHI

In aka narkar da gishiri ko sukari cikin ruwa, ƙarfin tururin ruwan yakan ragu. Gishirin ba ya tashi, sai ya zauna tsakanin ƙwayoyin ruwan ya rage yawan masu fita. Wani masani na ƙasar Faransa mai suna Rawul ya bayyana ƙa'idar wannan a shekarar 1887, ya nuna cewa raguwar tana bin yawan ƙwayoyin da aka narkar. Ruwan da ya sha gishiri iyakar abin da zai iya narkarwa, ƙarfin tururinsa kashi uku cikin huɗu ne na ruwa tsantsa.

Masu aikin gishiri a Bilma, cikin ƙasar Nijar, sun san wannan a aikace. Ruwan ramukansu yakan yi saurin ƙafewa da fari, amma da ya yi kauri sai ƙafewar ta yi nawa. 'Yan kasuwa ma sun sani ta wata fuska, domin da damina ta nutsa, iska ta cika da laima, sai gishiri ya riƙa jawo ruwa daga iska ya jiƙe cikin buhu ko ba a zuba masa kome ba.

Amma in abin da aka gauraya mai saurin tashi ne, sai al'amarin ya juya. Ɗan fetur kaɗan cikin kananzir yakan ɗaga ƙarfin tururin kananzirin ƙwarai, domin ƙwayoyin fetur su ne za su riga tashi su cika sararin da ke cikin fitila ko risho. A ido man yana nan kamar kananzir, amma halinsa ya sake. Ana kawo ashana kusa, ko aka ƙara mai alhali fitila na ci, sai tururin ya kama, fitilar ta fashe. Irin wannan gauraye yakan faru da gangan sa'ad da kananzir ya fi fetur tsada, yakan kuma faru bisa kuskure in an zuba kananzir cikin jarka ko tankar da aka ɗauko fetur da ita ba a tsabtace ta ba.

ABUBUWAN DA BA SU SAKE SHI

Mutane da yawa suna tsammanin yawan mai shi ne yawan haɗari, ragowar da ke gindin durom kuwa ba abin damuwa ba ce. Wannan kuskure ne. Muddin akwai sauran ruwan da zai tashi, ƙarfin tururin cikin mazubi rufaffe ɗaya ne, ko mazubin cike yake, ko saura kaɗan. Tukunyar gas ita ce shaida. Wutarta takan ci da ƙarfi kusan iri ɗaya tun daga ranar da aka cika ta har zuwa ranar da ruwan cikinta zai ƙare, sa'an nan ta mutu farat ɗaya. Don haka ba a gane sauran gas da ƙarfin wuta, sai da nauyin tukunya.

Haka kuma faɗin mazubi da kaɗawar iska ba su sake ƙarfin tururi, saurin bushewa kaɗai suke sakewa. Ruwan da aka zuba a faranti ya fi na cikin kwalba saurin ƙafewa domin fuskarsa ta fi faɗi. Wanki yakan bushe da wuri a hunturu ko da ana sanyi, domin iskar busasshiya ce, tana kwashe tururin tun bai koma ba. A nan ne hikimar randa take. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, ƙwayoyinsa mafi zafi suna bin iska, sai na ciki ya yi sanyi. Randa takan fi sanyaya ruwa da rani bisa ga damina, domin da damina iska ta riga ta ƙoshi da laima.

TAFASA DA NAUYIN ISKA

Abu yakan tafasa ne sa'ad da ƙarfin tururinsa ya yi daidai da nauyin iskar da ke danne shi. A jerin da ya gabata an ga ƙarfin tururin ruwa ya kai milimita 760 a digiri 100, nauyin iska ke nan a bakin teku, shi ya sa ruwa ke tafasa a wannan zafi a Ikko. In aka hau tudu, iska takan rage nauyi, ruwa kuma ya tafasa da wuri. Kowane hawan mita 300 yakan rage kamar digiri ɗaya. A Kano ruwa yana tafasa a wajen digiri 98 da ɗoriya, a Jos kuwa, inda tudun ya kai kamar mita 1,200, a wajen digiri 96. Tun da yake ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi ko an ƙara masa itace, wake yakan ɗan fi daɗewa kafin ya nuna a kan tudu. In kuwa aka rufe tukunya ruf yadda tururi ba zai fita ba, shi da kansa zai danne ruwan, ya hana shi tafasa sai ya wuce digiri 100. Da irin wannan tukunya ake dafa kayan aikin asibiti a digiri 121 don a kashe ƙwayoyin cuta.

INDA HAƊARIN YAKE

Ruwan mai ba ya cin wuta sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Kowane mai yana da zafin da in ya kai, tururinsa zai isa ya kama wuta. Na fetur yana wajen digiri 40 ƙasa da sifiri, watau babu wata rana ko wani dare a ƙasashen nan da fetur ba ya fitar da tururi mai kamawa. Na kananzir mai kyau daga digiri 38 ne zuwa sama, na dizal kuma ya wuce digiri 50. Ke nan kananzir da ke ajiye a inuwa lafiya lau yake, amma wanda ya wuni a rana da bazara yana iya kai wannan haddi.

Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya hawa sama kamar hayaƙi, ƙasa yake bi, ya gangara cikin kwata da rami, ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa, har ya isa murhu ko fitilar da ke nesa, wutar kuma ta biyo shi a guje zuwa inda ya fito. Ba ya bukatar yawa. In ya kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wuri, ya isa ya kama, kuma lita ɗaya in ta tashi duka ta isa ta mai da iskar ɗan ƙaramin shago abin fashewa. In ya wuce kamar kashi takwas cikin ɗari, iskar ta yi masa kaɗan, ba ya kamawa sai ya fito fili. Saboda wannan ne durom ɗin da aka juye fetur daga cikinsa ya fi cikakke saurin fashewa, domin a cikinsa ne tururi da iska suke haɗuwa daidai gwargwado. Masu walda da yawa sun hallaka ta wannan hanya.

Babbar masifa kuwa ita ce faɗuwar tankar mai. Fetur ya malale bisa kwalta mai zafi, fuskarsa ta yi faɗi, tururi ya lulluɓe wurin, ga jama'a sun taru da bokitai suna ɗiba. Ƙyastu ɗaya ya isa. A watan Mayu na 2019, fiye da mutum 50 suka rasu ta wannan hanya a birnin Yamai. A watan Oktoba na 2024 fiye da mutum 150 suka rasu a garin Majiya na Jihar Jigawa, a watan Janairu na 2025 kuma fiye da mutum 80 a mararrabar Dikko ta Jihar Neja. Allah ya jiƙansu.

ABIN DA AKE ROƘON HAKIMAI

Ana roƙon kowane Hakimi ya tara dagatansa da masu unguwanni da sarakunan kasuwa, malaminsa ya karanta musu waɗannan sharuɗɗa, a kuma sa mai shela ya maimaita su ranar kasuwa:

1. Kada a ajiye fetur a ɗakin kwana, ko kusa da madafa, ko a rana. 'Yan bumburutu su nisanci masu tuya da masu shayi da masu walda.

2. Kada a cika jarka ko tukunyar gas har baki, domin mai yana kumbura in ya ji zafi. A bar masa sarari, a kuma ajiye tukunyar gas a tsaye, a inuwa, inda iska ke ratsawa.

3. Kada a zuba kananzir cikin mazubin da aka taɓa sa fetur. Wanda ya ji warin fetur a kananzirin da ya saya, kada ya kunna shi, ya kai rahoto wurin mai unguwa, a binciki mai sayarwa.

4. Kada a ƙara wa fitila ko risho ko janareta mai sai an kashe, an bari ya huce.

5. Kada a yanka ko a yi waldar durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, sai gwanin aikin ya wanke shi ya cika shi da ruwa.

6. In an ji warin gas ko fetur a ɗaki, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da mutane, kada a ƙyasta ashana, kada kuma a taɓa makunnin lantarki.

7. In tanka ta faɗi, a kori jama'a nesa, su tsaya ta wajen da iska ke fitowa, a kan tudu in da hali. A kashe wutar gidajen da ke kusa, a tsai da motoci da babura, a aika wa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana nan da nan. Kada a bar kowa ya ɗiba.

8. Masu haƙar zinariya kada su ƙona zaiba cikin gida ko kusa da yara da mata masu ciki.

Malaman Hakimai su rubuta kowace gobara da ta auku a gundumarsu, da ranarta, da lokacinta, da irin man da ya jawo ta, su aika wa ofishin ƙaramar hukuma da majalisar Sarki, don a san wuraren da suka fi bukatar gargaɗi kafin bazara ta kama.